Abin da na faɗa wa Inna tsakanin Safa da Marwa

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgi, ni da mahaifiyata, za mu Umra. Tun kafin mu tashi na gaji, don na san abin da ke jakar Inna: hoton 'yar ƙanwarta da ke unguwar Shisha a Makka, wadda take so in aura. Shekara tara da aurena ba haihuwa, ta kuma gama ɗora wa matata laifi.

Wasan kwaikwayon Amurka nake koyarwa a kwaleji. A nasu, ɗa kan zauna gaban uwarsa a teburin cin abinci ya amayar da duk abin da ke cikinsa. Ni kuwa ɗan fari ne, ko sunana Inna ba ta kamawa, sai dai "wannan". Ta ina zan fara ce mata likita ya ce matsalar tawa ce?

Daga Jidda titi sumul, ba rami ko ɗaya, har na rasa abin yi wa mita. A Shisha ƙanwar tata ta dire mana tiren shinkafa da kaza, ana ta "tafaddal, ci mana". Yarinyar ta gaishe ni rabi da Larabci, ta koma kan wayarta. Loma uku na iya yi.

A Harami masu tura tsofaffi a keke suka yanyame mu. Da Inna ta ji kuɗin, sai ta ce, "Ina da ɗa a raye bare zai tura ni?" Na kama keken. Muna kan zagaye na huɗu tsakanin Safa da Marwa, ƙafafuna na zugi, na lura ƙeyarta kawai nake gani. Na sunkuya.

"Inna, rashin haihuwar nan ba daga matata ba ne. Ni ne. Shekara shida da ta sani, take rufa min asiri."

Ba ta waiwayo ba. "Tura, mun tare wa mutane hanya."

Har muka bar Makka ba ta ƙara ta da zancen Shisha ba. Ni ma ba ta dube ni ba.

Tafiyar ta koya min cewa mu ma muna faɗar gaskiya, ido da ido ne ba mu iya ba. Da muka iso gida, matata ta durƙusa tana mana sannu da zuwa. Inna ta tsiyaya zamzam ɗin da ta ɗauko musamman don matata ta sha ko a dace da haihuwa, ta miƙo min kofin ba tare da ta kalle ni ba. Sannan ta kamo hannun matata.

"Tashi, 'yata. Ki yafe min."