Ruwan da Baba Ya Zubar a Erdington

Jiya a wurin motsa jiki wani ya miƙo mini gorar ruwa a buɗe, sai na tsinci kaina ina shinshina bakinta. Nan take Baba ya faɗo mini a rai, wani dattijo na unguwar Old Trafford a Manchester da ke nemo mana wasa, mu 'yan kokawar nishaɗi. Bara ya rasu.

Baba bai yarda da kowa ba. Lokacin da ƙaramar hukuma ke ta rufe zaurukan wasanni, ya kai ni wani ɗakin taro mai warin danshi a unguwar Erdington, can nesa da Manchester. An riga an tsara cewa ni zan ci wasan. Abokin karawata ya zo yana murmushi, ya ba ni ruwa. Baba ya fizge, ya shinshina, ya tuttular a bakin ƙofa.

Kunya ta kama ni. Na ce, "Haba Baba, nan fa Ingila ce! Kuma ya yarda zai faɗi."

Ya ce, "Bakinsa ne ya yarda. Ka shiga cikinsa?"

Da muka hau dandali, mutumin ya ƙi faɗuwa, ya murɗe mini kafaɗa da gaske. Har yau da sanyi ya shigo sai ta motsa. Da muka koma Manchester, man zafi kawai Baba ya shafa mini.

Ban san abin da ke cikin ruwan nan ba, amma har gobe ina zargin mutumin. Allah Ya jiƙan Baba, Ya shayar da shi ruwan Alkausara, wanda ba sai ya shinshina ba.