Kafintan da Ke Miƙa Kafaɗar Jikarsa

Kafinta ne, shagonsa a ƙarshen layi, jikin rumfar mai faci. Ƙofofi yake yi da bencinan makaranta. Ba shi da yawan magana sai da jikarsa, 'yar babban ɗansa, wadda yake kira Guntuwa.

Ranar haihuwarta kafaɗarta ta maƙale, da ƙyar aka zaro ta. Hannun dama ya fito a sake, tafin yana kallon baya. Likita ya ce jijiyoyin da ke saukowa daga wuya ne suka yage. Aka yi ta zarya asibiti, yatsu suka motsa, kafaɗa ta ƙi ɗaguwa. Tana shekara huɗu aka yi mata aiki, aka ɗaure hannun a filasta, ɗage a gefe.

"Wace mota kike tsayarwa tun safe, Guntuwa?" in ji shi. Ta yi ta dariya har da shaƙuwa.

Da aka cire filastar, mai gashin ƙashi ta nuna musu yadda za a riƙa miƙa kafaɗar safe da yamma. Ta ce, "Za ta yi kuka. In tausayi ya sa kuka bari, wurin zai sake ƙagewa." Uwar ta gwada ta kasa. Uban direban babbar mota ne, ba ya zama. Kafinta ya ce a bar masa.

Yakan share garin katako daga teburin aiki, ya kwantar da ita, ya danne allon kafaɗar da hannu ɗaya, ya juya damtsen da ɗayan a hankali.

"Kaka, ya isa."

"Saura kaɗan."

"Jiya ma haka ka ce."

Sannu a hankali ta daina zuwa shagon da ƙafarta. Da ta ji ƙarar zartonsa ta ɗauke, sai ta shige ƙarƙashin gado, a jawo ta tana turjewa. Ya sassaƙa mata 'yar kujera daidai tsawonta, ba ta taɓa zama a kai ba.

Hannun ya kai baki, daga baya ya kai kunne, a nan ya tsaya. Kafinta ya tambayi likita, "Da na ƙara matsawa fa?"

"Ba daga gare ka ba ne, Baba. Iyakar abin da jijiyar za ta bayar ke nan."

Yanzu Guntuwa malama ce a firamare, da hagu take rubutu a allo. Shi kuwa ido ya yi rauni, ya rufe shagon. Takan zo gaishe shi da ladabi, ta tambayi gwiwarsa, ta gyara masa matashi. Amma in ya kai hannu zai dafa ta, jikinta kan zabura kafin ta ankara. Sai ta ɗauko zancen 'yan ajinta, shi kuma ya mayar da hannunsa kan cinya yana saurare.