Jinin da Mijinyawa Yake Ɗauka

Ina auna wa wata mata dawa a Kasuwar Muda Lawal, Elias mai keke ya tsaya ya ce, "Yelwa, abokinka Mijinyawa ya rasu." Ban gama salati ba maƙwabcin rumfata ya tambaya ƙasa-ƙasa, "Ciwo ne dai, ko abin ne ya ci shi?"

Mijinyawa ɗan makiyaya ne da suka zauna gari. Ya samu aiki a wani ɗakin bincike wajen Gubi, kuma da yake ya san shanu, shi ake aikawa mayanka ya taro jini. Yana zuwa da kwalabe da ɗan farin gari a gindinsu. Wai garin yana kama kalsiyam, sinadarin nan na ƙashi da nono, wanda sai da shi jini ke daskarewa. Haka masana ke samun ƙwayoyin jinin a sake, su duba.

Mahauta ba su ga haka ba. Abin da suka gani shi ne, jinin da ya zuba ƙasa ya daskare, na hannun Mijinyawa kuwa har azahar yana kai-komo kamar yanzu aka yanka. Suka ce akwai wanda yake shayarwa.

Maganar ta biyo shi unguwa. Mu mutanen layi a ƙofar gida muke haɗa kwanukan tuwo mu ci tare. Sai aka fara: in ya sa hannu, wannan ya ƙoshi, wancan ya tuna saƙo. Ya kawo garin a takarda ya nuna musu, har ya lasa. Aka ce ai dama mai abu ba ya jin tsoron abinsa. Daga nan ya koma ci a zaurensa, ƙofa a buɗe, ko wani zai shigo.

Da ƙafafunsa suka kumbura, likita ya ce ƙoda ce. Unguwa ta ce a'a.

Ranar Talata, ganina da shi na ƙarshe, na kai masa tuwo. Ya ce, "Raba min nawa daban, kada a gan ka."

Na jawo kwanon tsakaninmu, na buɗe ƙofar sosai. Na ce, "Bismillah, Bafillace. Ka dai wanke hannun?"

Ya yi dariya har da tari. "Da sabulun ofis ma. Miyar nan ba yaji, Yelwa."

"Gobe a ƙara."

Ya ce, "To, ka zo da wuri."