Injin da na hana kowa taɓawa

A shekarun saba'in ni matashi ne, mai buga tafireta a wani ofis a Kafanchan. Iyayena manoma ne a wani ƙauye kusa da Fadan Kaje, kuma ni kaɗai ne ɗansu namiji. Karatuna bai yi nisa ba, shi ya sa kullum ina cikin tsoron za a kawo wanda ya fi ni, a sallame ni.

A ofishin akwai injin da ake juyawa da hannu ya fitar da kwafin takardu. Yana yawan cijewa, ni kaɗai na san kansa. Da aka kawo wata yarinya daga makarantar koyon tafireta, na ga hannunta ya fi nawa sauri, sai hankalina ya tashi. Babban akawu ya ce in koya mata injin. Na amsa da baki, amma duk lokacin da ya cije sai in aike ta gidan waya, kafin ta dawo na gyara. Bayan haka na je na gaya wa babban akawu wai kanta ba ya ɗauka. Ita kuwa "yayana" take kirana, har gyaɗa take kawo mini.

Na samu abin da nake nema. Kowace takarda sai ta bi ta hannuna, kowa yana tsaye a kaina yana cewa tasa ce ta gaggawa. Yatsuna ba sa rabuwa da tawada, abinci a tsaye nake ci. Asabar ma ina ofis, ko a coci ina zaune ne ina lissafin aikin Litinin. Haka na daina zuwa gayya a ƙauye. A wurinmu kuwa, in ba ka sunkuya a gonar wani ba, ba mai sunkuyawa a taka.

Wata shekara acca ta nuna, Baba yana kwance da ciwon ƙafa. Mama ta aiko direban lori ya gaya mini in zo maza, don acca in ta nuna ba ta jira, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya zubar da ita. Na roƙi babban akawu hutu. Ya cire tabarau, ya tambaye ni wa zai juya injin, ga taro a gaba, ko ba ni ne na ce masa yarinyar ba ta iya ba? Na kasa cewa ƙarya na yi. Na koma ina juya injin, idona yana kan taga, ina duban duk hadarin da ya taso. Na aika wa sa'o'ina su taimaka. Suka aiko cewa tunda malam ya fi ƙarfin lauje, ya kawo tafiretarsa ta yanke masa.

Mama da ƙanwata suka yanki abin da suka iya. Kafin in samu zuwa, an yi ruwan. Na tarar da gonar a kwance, tsuntsaye suna ci. Baba bai yi mini faɗa ba. Ya dai kira ƙaninsa a gabana, ya ce daga baɗi ya riƙa noma gonar, tunda shi ba shi da mai taya shi.

Na koya wa yarinyar injin bayan na dawo, kafin a tashi aiki ta iya. Na roƙi gafararta, na roƙi ta Ubangiji. Ku masu aikin ofis da kuke kukan aiki ya yi muku yawa, ku duba ko akwai wanda kuka hana ya taya ku. Ni na so a ce ba a iya yin komai sai da ni, aka kuwa ce haka, a ranar da iyayena suka fi bukatata.