Telan da Ya Tsuke Ciki a Wajen Awo

Shekara talatin Tela ya yi yana faɗa da masu tsuke ciki a wajen awo. "Saki tumbinka, malam," yakan ce, tef rataye a wuya. "Wa za ka burge, ni ko rigar?"

Da ciwon sukari ya kama shi, sai ya shiga cikin waɗanda ake gwada wani sabon magani a kansu a asibiti. Likitar da ke duba su sa'ar 'yarsa ce, Baba take ce masa, kuma duk ranar da sukarinsa ya sauka sai fuskarta ta washe. Shi kuwa mutum ne mai kara. In saura kwana uku a ɗebi jininsa, sai ya yi sallama da lemon kwalba, ya riƙa shan shayi ba sukari yana yamutsa fuska. Ana gamawa ya koma gidan jiya.

Wata rana ta ajiye takarda biyu a gabansa. "Baba, wannan awon na yau ne, ya yi kyau. Wannan kuwa na wata uku ne, ba ya rufa asiri."

Ya sosa ƙeya. "Don kar aikinki ya lalace ne, 'yata."

"Da awonka za a san ko maganin zai yi wa dubban mutane, Baba."

Ya dubi takardun. Rigar da aka yanka a kan tsukakken ciki, mai ita ke shan wuya. Wannan kuwa bayin Allah da bai sani ba ne za su sa ta.

"Ɗauko biro," ya ce. "Kwalba biyu kullum. Ranar da ɗinki ya yi yawa, uku."