Furen da Zali Ta Ƙi Tsinka

Duk wanda ya taɓa sayen waina a unguwar Mansur ya san Hajiya Zali, in bai san sunanta ba ya san bakinta. Shekara talatin da takwas ke nan da ta zo aikin hajji daga Tawa tare da mijinta Issoufou. Aka gama aiki jirgi ya tashi, su kuwa suka ce a gaida mutanen gida. Tun ranar ba ta fita daga Makka ba, don ba su da igama, takardar izinin zama, kuma kowace hanya akwai masu tambayar takarda.

Zali ba ta shakkar kowa, amma tana tsoron ciyawa. Tun tana sabuwar zuwa wani malami ya gaya mata cewa abin da ya tsiro da kansa a cikin iyakar Harami ba a cire shi, ba a yanke shi. Ta riƙe maganar gam. Wata ciyawa ta taɓa fitowa a tsagin siminti daidai inda take ɗora tanda, sai ta ja murhunta gefe, ta yi wata uku tana yi wa masu saye masifa kada su taka.

Issoufou makiyayi ne a gida, a Makka ya koma tura keken tsofaffin alhazai. Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinsa ya shanye, ya kwanta a ɗakinsu na Misfala mai taga ɗaya, tagar ma bango take kallo. Bara takardunsu suka fito, bayan ƙafarsa ta daina zuwa ko'ina.

Bana da aka sami ruwa a duwatsun Hada, hanyar Ɗa'ifa, sai Marwan, mijin 'yarsu Haifa, ya ce a je kashta, wato a kafa tanti a kwana a dutse, furanni sun fito. Haifaffen Makka ne, Hausarsa ta ƙare a gaisuwa. Zali ta ce ita ba akuya ba ce da za ta hau dutse. Issoufou ne ya karya ta.

"Ki tahi, Mukhtaru na maƙwabta zai duba ni," ya ce. "Ki ɗebo mini abin da ya tsiro da kanshi, ba na shago ba. Na manta ƙamshin daji."

Ta yi masa alkawari, ta shiga mota da maficinta a hannu, kamar kowane mutumin Makka da bai yarda akwai sanyi a duniya ba. Ba su bar gari ba barci ya kwashe ta. Da ta farka suna can sama, iska na kaɗawa, haƙoranta na haɗuwa. Haifa ta naɗe ta da bargo. Kafin a gama kafa tanti biri ya sure ledar burodi ya haye dutse, Zali ta bi shi da zagin da ta shekara ba ta yi ba.

Sai ta waiwaya ta ga gangaren, zagin ya tsaya. Furanni ne shimfiɗe, rawaya da farare, da wani shuɗi mai ƙamshi da Haifa ta ce sunansa huzama. Zali ta durƙusa ta miƙa hannu, hannun ya tsaya a hanya.

"Haifa, tambayi mijinki, nan ba Harami ba ne?" Kunyar suruki ba ta barinta ta tambaye shi da kanta.

Marwan ya matso da waya yana nuna taswira, yana bayani da Larabci. "Wallahi inna, Harami yana can ƙasa, da nisa. Mun wuce alamar iyaka tun da daɗewa."

"Ni ban ga alama ba."

"Kina barci, ummi," in ji Haifa.

"To waya ce za ta tsaya mini ranar lahira?"

Haifa ta ce bari ita ta tsinko, Zali ta buge mata hannu. Ta ce a bari sai gobe, ta ga ko zuciyarta za ta kwanta.

Gobe ta zo da rana fes. Zali ta yi ta kewaya furannin har hantsi, ta sunkuya ta miƙe, ta sunkuya ta miƙe. Suna shan shayi hazo ya taso daga ƙasa ya rufe su, iska ta finciki tantin ta kifa shi a kan tukunya. Sai ƙanƙara, manya kamar gurjiya. Suka ruga mota, Marwan na riƙe da buta a ka.

Ba a yi rabin sa'a ba rana ta sake fitowa kamar ba ita ba. Gangaren kuwa ya kwanta, an karairaye shi kaf. Zali ta tsaya ta fashe da kuka, don baƙin ciki ne na gaske ya kama ta: mutum ya roƙe ta abu ɗaya tak, ta tsaya taurin kai har ya lalace.

Tana share hawaye sauran maganar malamin nan ta faɗo mata. Ya ce abin da ya karye da kansa ya faɗi, ba laifi a ɗauka. Ta ko yaye mayafi ta shimfiɗa, ta shiga tsintar karyayyun rassa cikin laka, tana yi wa Haifa faɗa wai hannunta ba sauri.

Da la'asar ta ajiye ƙullin a ƙirjin Issoufou. Ya kwance shi da hannunsa mai lafiya, ya kai hanci, ya shaƙa. Sannan ya shafa bakin wani reshe da yatsa.

"Ƙanƙara aka yi," ya ce.

"Wa ya gaya maka?"

"Wanga ba karyar hannu ba ce. Ni dama na san hannunki ba shi iyawa. Tun da kuka tahi nike roƙon Allah ya tsinko miki."

"Ashe kai ka sa aka yi mana wanga duka, Malam!"

Ya yi dariya da rabin bakinsa, bai ɗauke mayafin daga fuskarsa ba.