Lallen Indo da Baturen Fim

Laraba: Gagarawa zuwa Sule Tankarkar

'Yan ajinmu na yaƙi da jahilci, kun ce in rubuta muku yadda ta kaya. To ga shi, kuma ba zan shafa wa maganata zuma ba. Ina idar da sallar asuba na fita bakin titi, na sami wata tsohuwar mota mai zuwa Gumel, mu huɗu a baya, ga buhun riɗin wani a kan ƙafata.

Abin da ya fito da ni: wani tsohon ɗan fim daga Ingila ya zo ɗaukar shirin talabijin a kan kasuwannin bakin iyaka, ana neman mace ɗaya da za ta dama masa fura. Ni ce uwa, ni ce ungozoma, har alƙali na taɓa fitowa a wasan kwaikwayon ajinmu. Amma Indo aka ɗauka, ƙawata da muka koyi baƙi tare kafin su koma Sule Tankarkar, wadda ko tari ba ta taɓa yi a wasa ba. Wai fuskarta ta fi karɓar hoto. Na ce sai na je na gani da idona.

A tashar Gumel na karya da koko da ƙosai, na canza mota. Direban ya leƙo ni ta madubi.

"Hajiya, biki za ki?"

"Makoki."

"Ayya! Wa ya rasu?"

"Adalci," na ce. Ya mai da idonsa kan titi.

Da hantsi na isa gidan Indo, na tarar an shimfiɗa wayoyi tun daga zaure. Baturen dogo ne, kansa fari fat, ya tuɓe takalmi kafin ya hau tabarma. Tafintarsu, wata 'yar Kano, ta ce ya daɗe yana fitowa likita a talabijin, har mutanen ƙasarsu kan tare shi a hanya su nuna masa ciwo. Indo tana mulmula fura, ana cewa ta sake, tana sakewa. Ta hango ni.

"Yaya Ladi! Zo mana ki riƙe min mayafina."

Na riƙe. Allah ne kaɗai ya san abin da na haɗiye.

Da la'asar, 'yan fim suna tafiya ta aika aka kira mai lalle. Aka zana mata ja da baƙi har gwiwar hannu, ina zaune, ko ɗigo ba ta ce a yi min ba. Muka ci tuwon dawa da miyar kuka, na kwana a ɗakinta na juya mata baya.

Alhamis: kasuwar Maigatari

Muka biyo ta Gumel, ita a motar Turawa mai sanyi, ni a ta haya. 'Yan kwastan sun tsayar da mu sau biyu. Na same su a gefen kasuwar raƙuma, mutanen Damagaram sun yi musu zobe.

Indo na miƙa hannu za ta ɗauki ludayi, wata mata da ke ba masu ɗaukar hoton umarni ta dafe kai ta yi ƙara. Tafinta ta yi mana bayani: hoton jiya da na yau za a haɗa su zama wuni ɗaya. Ba zai yiwu mace ta mulmula fura da hannu babu komai, ta zo damawa da lalle ba.

"To wace mace ce za ta fita idon duniya da hannu gayansa kamar mai takaba?" in ji Indo.

Aka kawo sabulu, aka kawo lemon tsami, har da kananzir. Lallen sai ƙara ƙyalli yake. Can matar ta bi hannayen mata da kallo, ta tsaya a kan nawa. Don murna har na fara gyara ɗankwali.

"Baba, hannun kawai ake so," in ji tafinta.

Haka aka yi. A ɗauki fuskar Indo tana washe haƙora, a tsayar, in tsuguna in dama. Baturen ya lura da yadda na ɗaure fuska, ya sa aka gaya min cewa shi ma haka ya fara: yau gawa, gobe ƙeyar wani, jibi hannun da ke buɗe ƙofa, kafin a san fuskarsa.

"Tambaye shi, shekarunsa nawa a lokacin?"

"Ya ce ashirin da 'yan kai."

"To gaya masa ni jikata ta yi aure."

Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ɗaga ƙwaryar ya shanye, ya nemi ƙari.

Komawa gida

Indo ta ce in shiga motar sanyi a sauke ni a Gumel. Na ce na gode, ƙafar da ta kawo ni ta san hanya. Ana kiran magariba na sauka Gagarawa. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, da Malama da ta koya min riƙe biro, da maƙwabciyata da ta ba awakina dusa. Ran da shirin ya fito, Ingila ta kalli haƙoran Indo ta ƙoshi. Ku kuwa 'yan ajinmu, ku dubi ludayin.